Tsakanin Jirgi da 'Yan Kallo: Yadda Aka Shata Iyaka a Wasan Jiragen Sama

Da sanyin safiyar 21 ga Mayu, 1911, jama'a sun yi dafifi a filin Issy-les-Moulineaux da ke gefen birnin Faris, suna jiran tashin jiragen da za su yi tsere zuwa Madrid. Ba a cika shekara takwas ba da 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright suka fara ɗaga jirgi mai inji a Amurka, don haka har lokacin ganin ɗan Adam a sama abin al'ajabi ne. Manya ma ba a bar su a baya ba. Firayim Minista Ernest Monis da Ministan Yaƙi Maurice Berteaux suna tsaye cikin filin tare da muƙarrabansu. Wani matuƙi mai suna Louis Émile Train ya tashi da fasinja ɗaya, inji ya ƙi ja, ya juyo zai sauka, sai ya tarar da sojojin doki suna ratsa gabansa. Garin kauce musu ya afka cikin ayarin manyan. Farfela ta sare hannun Berteaux, kafin wani lokaci rai ya yi halinsa, Monis kuma ya karye a ƙafa. Duk da haka ba a fasa tseren ba, Jules Védrines ne kaɗai ya kai Madrid.

A wancan zamani babu wanda ya san inda ya kamata ɗan kallo ya tsaya. Babban taron jirage na farko, wanda aka yi mako guda ana yi a kusa da Reims a Agustan 1909, tsarin filin sukuwa aka ɗauko masa: rumfunan masu hali a gefe guda, talakawa a bakin shinge, jirage suna kewaya ginshiƙai. Matuƙi shi ake wa kallon mai sayar da rai, kuma lallai suna mutuwa. Charles Rolls, wanda sunansa ke jikin motar Rolls-Royce, a gaban 'yan kallo ya mutu a Bournemouth a Yulin 1910, lokacin da wutsiyar jirginsa ta karye. Dokar jirage ta farko da Birtaniya ta yi a 1911 ma tsoron taro ne ya haife ta, don ana shirin naɗin Sarki George na Biyar, gwamnati ta nemi ikon hana jirgi bi ta kan jama'a.

A Amurka abin ya fi zama gaba gaɗi. Bayan Yaƙin Duniya na Farko soja sun yi gwanjon jiragen koyo ƙirar Curtiss Jenny da araha, tsofaffin matuƙa suka saya suka shiga yawon ƙauyuka. Su sauka a gonar wani, su ɗauki mutane shawagi a biya su, su yi tafiya kan fiffike, su kurɗa ƙarƙashin gada. Babu lasisi, babu mai duba lafiyar jirgi. Bessie Coleman, baƙar mace ta farko da ta sami lasisin tuƙi, a irin wannan yanayi ta rasu a Jacksonville ranar 30 ga Afrilu, 1926. Tana kujerar baya ba ta ɗaure bel ba, don tana leƙen inda za ta diro da laima washegari, sai jirgin ya kife ta faɗo. Da aka bincika tarkacen, sifana aka samu ta maƙale a cikin na'urar sarrafawa. A shekarar ce Amurka ta kafa dokar da ta wajabta lasisi ga matuƙi da rajista ga jirgi. Wannan ya rage 'yan cuwa-cuwa a sama, amma batun inda jama'a za su tsaya sai da ya jira wasu shekaru ashirin da biyar.

Ranar 15 ga Satumba, 1951, a wani ƙaramin gari mai suna Flagler a jihar Colorado, wani matuƙin soja ya iso wurin wasa a makare, bayan an gama bayanin tsaro da ake yi wa matuƙa. Ya shigo ƙasa-ƙasa, ya fara mirgina jirgi kusa da jama'a, fiffike ya taɓa ƙasa. Mutum 20 suka mutu har da shi, 13 daga cikinsu yara. Garin bai kai ya ɗauki irin wannan rashi ba, kusan kowane gida ya san wanda aka binne. Shekara ɗaya bayan nan sai na Ingila ya zo, kuma shi ne ya zama tushen ƙa'idojin da ake bi har yau.

Farnborough, a kudu maso yammacin Landan, nan ne kamfanonin ƙera jirage na Birtaniya suke baje hajarsu tun 1948. A farkon shekarun 1950 ƙasar tana ji da kanta a fagen jiragen jet, kuma abin da ke jan mutane shi ne su ji ƙarar da jirgi ke yi idan gudunsa ya zarce na sauti, tamkar an harba igwa daga sama. Matuƙan gwaji kuwa sunayensu na bakin yara. John Derry na cikinsu, shi ne Baturen Ingila na farko da ya kai wannan gudu, a 1948. Ranar Asabar 6 ga Satumba, 1952, jirgin da ya saba nunawa a makon ya sami matsala, sai shi da abokin aikinsa Anthony Richards suka je Hatfield suka ɗauko ɗan'uwansa, samfurin farko na de Havilland DH.110. Mutum fiye da 100,000 suna fili. Derry ya sulalo daga can ƙololuwa, aka ji ƙarar da aka zo ji, ya wuce ta gaban jama'a, ya zagayo. Yana cikin kwana, hancin jirgin na fuskantar 'yan kallo, yana gudun kusan kilomita 830 a awa, sai bakin fiffiken dama ya ɓalle, na hagu ya bi. Jirgin ya ɗaga kai da ƙarfi ya wargaje a iska. Injinan biyu, kowanne wajen tan guda, suka fice daga gangar jikin suka ci gaba da tafiya inda aka nufa da su. Ɗaya ya faɗa kan wani tudu da mutane suka hau don su fi ganin wasa. 'Yan kallo 29 suka mutu, ga Derry da Richards.

Abin da ya biyo baya yana da wuyar fahimta ga mutumin yau. Ana cikin kwashe gawarwaki, aka share titin jirgi, Neville Duke, abokin Derry, ya tashi da Hawker Hunter ya yi irin sulalowar da abokinsa ya yi, aka sake jin ƙarar. Washegari ma an yi wasa. Firayim Minista Churchill har wasiƙar jinjina ya rubuta wa Duke. Mutanen da suka ga ruwan bama-bamai shekara bakwai da suka wuce, haka suka ɗauki jarumta. Bincike ya wanke Derry, ya gano cewa ƙirar gaban fiffiken ce ba ta da ƙarfin jure murɗawar da kwana da ɗaga kai suke haddasawa a lokaci guda. Aka sake ƙirar, jirgin ya zama Sea Vixen na sojan ruwa.

Dokokin da aka kafa bayan nan a taƙaice suke. Jirgin jet da ke tafiya miƙe kada ya matso kusa da jama'a ƙasa da mita 230. In zai yi kwana ko alkafura, mita 450. Kada kuma ya sauko ƙasa da mita 150. Mai karatu zai iya yin lissafin da kansa: jirgin da ke gudun da Derry yake yi, daƙiƙa ɗaya ta ishe shi cinye mita 230. Ke nan tazarar ita kaɗai ba ta tsare kowa. Abin da ke tsarewa shi ne alƙiblar jirgin. Duk abin da ya ɓalle daga jirgi yana ci gaba da tafiya ne ta inda jirgin ya dosa, saboda haka in yana bin tsawon layin jama'a, tarkacensa ma tsawon layin zai bi, ya zube a fili. In kuwa ya fuskance su, ko da daga nesa ne, ya riga ya auna su. A hawan salla mahaya kan sako dawaki a guje su nufo sarki, su ja linzami a gabansa su yi jinjina, kuma daɗin jafi ke nan. To jirgi ba shi da linzamin da zai tsayar da shi a iska, amma masu shirya wasa sun daɗe suna sha'awar irin wannan burgewa, don ita ce ke sa ɗan kallo ya dafe ƙirji. Tarihin dokar wasan jirage kusan duk tarihin raba su da wannan sha'awa ne.

Birtaniya ta yi shekara 63 ba a kashe ɗan kallo ko mai wucewa a wasan jirage ba. Sauran Turai ba su shafa wa gemunsu ruwa da wuri ba. A wasan Faris na 1973, jirgin fasinjan Tarayyar Sobiyet mai gudun wuce sauti, Tu-144, ya karye a sama ya faɗa garin Goussainville, ya kashe ma'aikatansa shida da mutum takwas a ƙasa waɗanda ko tikiti ba su saya ba. An fi ba da ƙarfi wajen gardamar ko wani jirgin Mirage na Faransa da ke kusa ne ya razana matuƙin, aka bar tambayar da ta fi muhimmanci, wato me ya sa ake irin wannan wasa a kan gidajen mutane.

Sai shekarar 1988, wadda ta zo da masifa biyu cikin wata biyu. Ta farko a Habsheim ne, a gabashin Faransa, ranar 26 ga Yuni. Kamfanin Air France ya aika sabon Airbus A320 ya wuce ta gaban 'yan kallo a wani ƙaramin fili, da mutum 136 a ciki, wasunsu tikitin caca suka ci aka ba su kujera. An shirya zai wuce a tsayin ƙafa 100, a hankali, hanci a ɗage. Matuƙan ba su taɓa ganin filin ba, kuma sai da suka iso suka gane jama'a na jere ne a gefen wani titin ciyawa daban da wanda suka zata. Suka sauko ƙafa 30. Kafin injin ya amsa kiran ƙarin wuta, bishiyoyin ƙarshen fili sun riga sun cika gilashi. Mutum uku suka mutu, biyu yara ne. Kyaftin Michel Asseline ya sha ɗauri, ya kuma yi shekaru yana cewa kwamfutar jirgin ce ta ƙi bin umarninsa. Ko ma mene ne, tun daga nan aka daina ɗaukar fasinja a jirgin da zai yi wasa.

Ta biyu ita ce Ramstein, sansanin sojan saman Amurka a Jamus ta Yamma, ranar Lahadi 28 ga Agusta. Kimanin mutum 300,000 suka zo. Da la'asar aka kira ayarin sojan saman Italiya, Frecce Tricolori, jirage goma ƙirar Aermacchi MB-339, kuma suna da wani salo da suka yi suna da shi. Su tashi sama a tare, biyar su karkata gefe guda, huɗu su karkata ɗaya gefen, hayaƙinsu ya zana hoton zuciya. A ƙasan zuciyar ayarin biyu su gitta juna a gaban jama'a, na goma kuma, wanda ya ware shi kaɗai, ya zo ta tsakiya kamar kibiya, ya bi ta saman inda suka gitta, ya wuce ta kan 'yan kallo. A lura da kyau: nufo jama'a ba kuskure ba ne a wannan salo, shi ne salon. An yi shi sau da yawa lafiya. Ran nan Laftanar Kanar Ivo Nutarelli ya iso mahaɗar da wuri, kuma ƙasa da inda ya kamata. Ya daki jirgin shugaban ayarin, Mario Naldini, aka kuma taɓa na Giorgio Alessio. Waɗannan biyu sun faɗi a wajen titin jirgi, ɗaya ya haɗa da jirgi mai saukar ungulu da aka ajiye don ɗaukar marasa lafiya. Na Nutarelli kuwa, yana ci da wuta, ya ci gaba da bin hanyar da aka tsara masa. Ya bugi ƙasa gaban shinge, ya tuntsura cikin mutane, ya tsaya a jikin wata tirelar sayar da askirim, mai yana malala yana ci. Mutum 70 suka mutu, matuƙa uku da 67 a ƙasa, ɗaruruwa suka ƙone.

Abin da ya faru bayan faɗuwar ya kusa kai faɗuwar muni. Sojan Amurka suna bin tsarin fagen fama, a kwashi mai rauni a gudu da shi asibiti. Likitocin Jamus sun saba a fara kula da shi a wurin, a tantance wa ya fi bukata. Ba a taɓa zama an daidaita ba. Motocin agajin Jamus sun sha jira kafin a bar su su shiga sansanin. An loda masu ƙuna a bas, ba likita, aka kama hanya da direban da bai san gari ba kuma ba ya jin Jamusanci, har wata bas ta ɓulla a Ludwigshafen mai nisan kilomita 80. Ko allurar ƙarin ruwa ta Amurkawa ba ta shiga robar Jamusawa. Daga Ramstein aka koyi cewa shirin tsaro bai ƙare a kan jirgi ba: dole a san ƙofar da motar asibiti za ta bi, asibitin da ke da gadon masu ƙuna, da wanda zai ba da umarni in abu ya faru. Jamus ta dakatar da wasan jirage shekara uku, da ta dawo da shi kuma ta ƙara tazara, ta haramta duk salon da ke nufo jama'a. Abin da Ingila ta rubuta a 1952 ke nan, sai da aka sake biyan kuɗinsa shekara 36 bayan nan.

Rubuta doka daban, bin ta daban. Ranar 27 ga Yuli, 2002, a filin Sknyliv kusa da Lviv a Yukiren, jirgin yaƙi Su-27 yana juyi ƙasa-ƙasa sai fiffikensa ya shari ƙasa. Ya ja wayar shinge, ya goga wani jirgin dakon kaya da ke ajiye, ya fashe cikin jama'a. Matuƙan biyu sun fice da laima. Mutum 77 suka mutu, 28 yara, fiye da 500 suka ji rauni, kuma har yau babu wasan jirage da ya ci rayuka kamar wannan. Matuƙan sun ce taswirar da aka ba su ba ta nuna ainihin inda jama'a suke ba, sun kuma nemi ƙarin atisaye a filin aka hana su. A 2005 kotun soja ta ɗaure Volodymyr Toponar shekara 14, Yuriy Yegorov shekara 8, wasu hafsoshi suka sami hukunci mai sauƙi. Shugaban ƙasar, Kuchma, ya kori babban hafsan sojan sama, amma daga baya kotu ta wanke shi. A ganina hukuncin ya tsaya a kan wanda hannunsa ke kan sitiyari ne kawai saboda shi ya fi sauƙin kamawa. Wanda ya jera mutane a ƙarƙashin hanyar jirgi, tun kafin a tada inji ya gama nasa laifin.

Yana da kyau a ga yadda tsarin yake idan yana aiki. A Amurka dokar yau da kullum ta hana alkafura a kan taro ko ƙasa-ƙasa, saboda haka duk mai shirya wasa sai ya nemi takardar sassauci daga hukumar jiragen sama ta tarayya, FAA, ya kai mata taswira. A taswirar akwai wani akwati na iska da aka keɓe don wasa, kuma ƙasan akwatin dole ya zama wayam: in akwai titi a rufe shi, in akwai gida a fitar da masu shi har a gama. Akwai layin da matuƙi zai bi, wanda ake yi wa alama da abin da zai hango daga sama, kamar farar bas ko jirgin ruwa in a kan teku ne. Jirgin da gudunsa ya wuce kilomita 450 a awa, ƙafa 1,500 tsakanin layinsa da jama'a. Matsakaici ƙafa 1,000, ƙarami ƙafa 500. Matuƙi kuma yana da katin shaidar gwaninta da ke faɗin iyakar saukowarsa. Sabon shiga daga ƙafa 800 yake farawa, sai ya yi wasanni an gan shi kafin a sauko da shi 500, sannan 250, sannan a sake masa mara. Tsofaffin 'yan wasa ne ke jarraba shi, ƙarƙashin ƙungiyar masu wasan jirage. Kowace safiya ana taron bayani, wanda bai halarta ba ba zai tashi ba, darasin Flagler ke nan. A bakin fili kuma akwai jagoran wasa riƙe da rediyo, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta tsayar da kowa.

Duk wannan bai hana abin da ya faru a tseren Reno ba, ranar 16 ga Satumba, 2011. Jimmy Leeward, mai shekara 74, yana tuƙa wani P-51 na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da aka datse wa fukafukai aka sauya masa abubuwa da dama don ƙarin gudu, ba tare da cikakken gwaji ba. Wasu notuna a wutsiya sun tsufa sun saki. Wani ɗan faifai da ke daidaita wutsiyar ya kama kaɗawa, sandarsa ta karye, jirgin ya cilla sama da ƙarfin da ya ninka nauyin jiki sau 17, matuƙin ya suma. Jirgin ya juyo ya nutse gaban rumfunan 'yan kallo. Mutum 11 suka mutu. Layi yana nan inda aka shata shi, amma jirgin da ba mai tuƙi bai san layi ba. Daga nan aka matsar da hanyar tseren, aka kuma tsananta binciken duk jirgin da aka yi wa kwaskwarima.

Dogon zaman lafiyar Birtaniya ya ƙare a Shoreham, a gaɓar kudu, ranar Asabar 22 ga Agusta, 2015. Filin ƙarami ne, kuma babban titin mota A27 ya bi ta bakinsa ta arewa. Andy Hill, tsohon matuƙin jirgin yaƙi ƙirar Harrier a soja kuma kyaftin a British Airways, ya zo da Hawker Hunter ƙirar shekarun 1950, irin jirgin da Duke ya tuƙa a Farnborough. Zai yi alkafura, wato ya hau sama ya kifa ya zagayo. Irin wannan salo yana da ƙofofi biyu da matuƙi ke dubawa. Ta farko gudun shiga, wanda ga Hunter bai kamata ya gaza not 350 a ma'aunin gudun jirage ba, shi kuwa da 310 ya shiga, inji ba a cike ba. Ta biyu tsayin da zai kai a ƙololuwa, aƙalla ƙafa 3,500, shi kuwa a wajen 2,700 ya tsaya. Wanda ya ga bai kai ba, sai ya mirgina jirgin ya daidaita ya fasa, babu abin kunya a ciki. Hill ya ci gaba. Ƙasa ta zo kafin jirgin ya gama ɗagowa, ya faɗa kan A27.

Mutum 11 suka mutu, dukansu maza, kuma babu ko ɗaya a cikin filin wasan. Akwai 'yan ƙwallo biyu na Worthing United da ke kan hanyar zuwa wasa, akwai dattijo mai shekara 76 da ke tuƙa motar da za ta ɗauko amarya, akwai masu keke, akwai waɗanda suka tsaya a bakin titi suna kallon kyauta. Hill ya tsira da munanan raunuka. Rahoton hukumar binciken haɗurran jirage na 2017 ya nuna ba a taɓa horar da shi yadda zai fasa wannan salo a Hunter ba, kuma mai yiwuwa ya rikita alƙaluman Hunter da na Jet Provost, wani jirgi mai ƙarancin gudu da shi ma yake wasa da shi. Daraktan wasan bai san jerin salon da Hill zai yi ba, balle ya san a kan me zai yi su. Takardar auna haɗari ba ta yi wa mutanen titi tanadin kirki ba. A shekarar da ta gabata ma an taɓa tsayar da Hill ta rediyo a wasan Southport saboda ya matso jama'a, maganar ba ta je ko'ina ba.

Nan ne gurbin da dokar 1952 ta bari ya fito fili. An yi shekara sittin ana tura jirgi nesa da mai tikiti, ba a cika tambayar kan wa ake tura shi ba. Ƙauyen Goussainville ya riga ya yi wannan tambaya tun 1973.

Shari'ar Hill ta ba mutane da yawa mamaki. A Maris 2019 masu taya alƙali yanke hukunci a kotun Old Bailey suka wanke Hill daga tuhumar kisa ta sakaci, bayan lauyoyinsa sun ce matsin juyin jirgi ne ya dagula masa tunani. A Disamban 2022 kuma mai binciken musabbabin mutuwa, Penelope Schofield, ta yanke cewa an kashe mutanen ne ba bisa ƙa'ida ba. Hukuncin biyu ba su ci karo a doka ba, don kotun laifi sai ta kawar da duk wani kokwanto, shi kuwa binciken mutuwa abin da ya fi rinjaye yake bi. Iyalan dai sun jira shekara bakwai kafin su ji wannan kalma.

Hukumar jiragen farar hula ta Birtaniya ba ta jira kotu ba. Cikin kwanaki ta dakatar da duk Hunter, ta hana tsofaffin jiragen jet yin alkafura a kan tudu, sai dai su wuce kawai. Daga baya ta sake kundin ƙa'idojinta, CAP 403: daraktan wasa sai ya yi kwas an ba shi shaida, izinin matuƙi ya dace da irin jirgin da zai tuƙa, mai shirya wasa ya lissafa tituna da gidaje da masu kallo daga waje, duk wanda aka tsayar ta rediyo a kai rahotonsa. Kuɗin izini da na inshora suka hau, ƙananan wasanni da dama suka nade tabarma, masu sha'awar tsofaffin jirage suka yi ta ƙorafin an kashe musu sana'a. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, amma mai sayen tikiti ya zaɓi ya zo, direban motar amarya bai zaɓa ba. A 2016 ayarin Red Arrows na sojan saman Birtaniya ya ƙi yin alkafura a Farnborough saboda gari ya riga ya kewaye filin, a 2019 kuma masu taron suka soke ranakun wasan jama'a na ƙarshen mako. Wasan Shoreham kuwa ba a sake yinsa ba.

Mu ma abin ya taɓa gittawa ta ƙofarmu. Ranar 28 ga Satumba, 2018, jiragen yaƙin Najeriya biyu ƙirar F-7Ni suka gogi juna a sama suna atisayen bikin cika shekara 58 da samun 'yanci, suka faɗi a wajen dutsen Katampe a Abuja. Matuƙan sun fice da laima, amma Skwadiron Lida Bello Baba-Ari ya rasu. Faretin sama a kan birni ba shi da akwatin da za a kwashe mutane daga ƙarƙashinsa, kuma ranar atisaye haɗarinta ɗaya da ranar biki, sai dai ba kowa ya san ana yi ba.

Wani haɗarin da ya sa aka sake zama shi ne na Dallas a Amurka, ranar 12 ga Nuwamba, 2022. Tsofaffin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu suna kewaya fili, manya a ayari guda, ƙanana a wani. Jagoran wasa yana ba su umarni ta rediyo nan take, ya ce ƙananan su wuce gaban manyan su bi layin da ya fi kusa da jama'a. Ba a raba musu tsayin da kowa zai bi ba a taron safe. Wani P-63 yana cikin kwana, cikinsa ya tare masa gani, ya sari B-17 ta baya ya raba shi biyu. Mutum shida da ke cikin jiragen suka mutu. Tarkacen ya zube a fili da gefen wani titi, ba ɗan kallo ko ɗaya da ya ji rauni. Rahoton hukumar binciken sufuri ta Amurka, wanda ya fito a Disamban 2024, ya ɗora alhakin a kan rashin shirin raba jiragen tun daga ƙasa da dogaro da idon matuƙi kawai. Ya kuma gano cewa shi jagoran wasan, mutumin da aka ba ikon tsayar da kowa, babu mai sake jarraba shi lokaci-lokaci kamar yadda ake yi wa matuƙa, kuma babu tsayayyun kalmomin umarni da kowa ya san ma'anarsu. Hukumar ta nemi FAA da ƙungiyar masu wasan su gyara duka biyun.